Wanda Ya Ji Bai Aikata Ba, Da Sauransa

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi magana da 'yan'uwanmu Kirista masu jin Hausa a nan Yamai da kewaye. Mun san yawancin masu karanta ka Musulmi ne, amma ba mu zaton maganar za ta zame musu baƙuwa, tunda su ma malamansu kullum suna jan kunne a kan ilimin da ba a aiki da shi.

Abin da ke damunmu shi ne wa'azi ya cika mana kunne, hannu kuwa bai motsa ba. A yi lissafi. Mai bin da ba ya fashin sujadar Lahadi yana jin wa'azi 52 a shekara. In aka haɗa da taron addu'a na tsakiyar mako, ya haura 100, ban da na zumuntar mata, da na rediyo, da waɗanda ake turowa ta WhatsApp dare da rana. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, yau kuma yana cikin wayar kusan kowane matashi. Duk da haka, a tsai da mutum ranar Laraba a kasuwar Katako, a tambaye shi ayar da aka karanta ranar Lahadi da abin da ya sauya a gidansa saboda ita. Sau da yawa amsar ita ce, "Kai, wa'azin ya yi daɗi." Iyakarta ke nan. Allah ya faɗa wa annabi Ezekiyel irin wannan tun da daɗewa (33:31-32): mutane suna zuwa su zauna gabanka kamar masu sauraron mawaƙi mai zaƙin murya wanda ya iya kiɗa, suna jin maganarka, amma ba sa aikatawa.

Bahaushe bai kamata ya sha wahalar gane wannan ba, don harshenmu ya riga ya warware shi. In uwa ta ce, "Yaron nan ba ya ji," kowa ya san ba kurumta take nufi ba. An aike shi ne bai je ba, an hana shi bai hanu ba. Haka yake a Ibrananci: kalmar shema da ta buɗe Maimaitawar Shari'a 6:4, "Ku ji, ya Isra'ila," ta haɗa saurare da biyayya a wuri ɗaya. A Helenancin Sabon Alkawari ma kalmar biyayya daga kalmar ji aka gina ta. Saboda haka da Yakubu ya rubuta cewa mu zama masu aikata maganar, ba masu ji kawai muna yaudarar kanmu ba (1:22), abin da kowace uwa ta sani ya faɗa. Wannan Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ne, shugaban ikilisiyar Urushalima, kuma wasiƙarsa gajeriya ce: sura 5, aya 108, amma umarnin da ke ciki ya haura 50.

Misalinsa na madubi ya cancanci a tsaya a kansa. Mai ji kawai kamar wanda ya dubi fuskarsa ne, ya ga kwantsa a ido, ya juya ya tafi, nan da nan ya manta. Madubin bai yi ƙarya ba, mutumin ma ya gani, ruwa ne kawai bai ɗebo ba. A aya ta 25 sai Yakubu ya sauya kalma. Ya ce wanda ya duba cikakkiyar shari'ar nan ta 'yanci ya kuma nace, shi ne zai sami albarka cikin abin da yake yi. Kalmar da ya sa a nan tana nufin a sunkuya a leƙa, ita ce aka yi amfani da ita a Yohanna 20:11 sa'ad da Maryamu Magadaliya ta sunkuya ta leƙa cikin kabarin Yesu. Irin leƙen da mutum ke yi wa rijiya ne in gugarsa ta faɗa ciki: ba ya ɗaga kai sai ya ga inda take.

Mu mutanen Yamai kuma muna da dalilin fahimtar misalin Yesu na magina biyu, ɗaya ya yi gini a kan dutse ɗaya a kan yashi, fiye da mutane da yawa. Wanda ya ga abin da kogin Isa ya yi a daminar 2020 a unguwannin bakin ruwa irin su Lamorde da Saga da Kirkisoy, ya kuma ga ɓarnar ruwan 2024 a faɗin ƙasa, ya san yadda gidan ƙasa ke faɗuwa. Katanga ba daga sama take soma lalacewa ba. Ruwa ne ke kwanciya a gindinta kwana biyu ko uku, danshi ya hau, gindin ya jiƙe ya riƙa zagwanyewa kaɗan-kaɗan, sama kuwa tana nan da yaɓenta sumul, har daren da za ta zube gaba ɗaya a kan masu barci. A Matiyu 7:24-27 maginan nan biyu dukansu sun ji maganar Yesu. Majami'a ɗaya, benci ɗaya, wa'azi ɗaya. Luka 6:48 ya ƙara bayanin da kowane magini zai gane: mai hikimar ya haƙa, ya zurfafa, sai da ya kai ga dutse. Aikin haƙa tushe shi ne ya fi cin ƙarfi da kuɗi, shi ne kuma ba wanda ke gani in an gama gini. Da rani gidajen biyu kamarsu ɗaya.

To, ina bangaskiya ta shigo? Ibraniyawa 4:2 ta ce Isra'ilawan da suka yi yawo a jeji sun ji albishir kamar yadda muka ji, amma bai amfane su ba don bai gauraya da bangaskiya ba. Labarin yana Littafin Ƙidaya 13 da 14: 'yan leƙen asiri 12 sun yi kwana 40 a Kan'ana, 10 suka ce ba za a iya ba, Joshuwa da Kalibu suka ce Ubangiji yana tare da mu, mu haura. Duk sun ji alkawari ɗaya. Biyu ne kawai suka ɗauki Mai alkawarin da gaske har suka yarda su taka ƙafa. A ɗauki buhun simintin Malbaza mai kilo 50. In an kwaɓa shi da yashi da ruwa aka zuba a tushe, ya zama gini. In aka jingine shi a ɗaki mai danshi ana cewa sai wata rana, ba ya zama yana jira. Yana shan danshin a hankali har ya daskare cikin buhunsa, ya zama dutsen da ba ya gina kome. Wannan ne ya sa marubucin Ibraniyawa ya yi ta maimaita gargaɗin nan: yau in kun ji muryarsa, kada ku taurare zukatanku. Mutumin da ya ji wa'azin gafara sau 20 bai yafe wa kowa ba, na 21 ba zai taɓa shi kamar na farko ba.

Ga abin da muke ba da shawara a yi, kuma ba ya bukatar kuɗi ko gini. A kafa ƙananan taro a gidaje, mutum 5 zuwa 8. In sun haura haka, masu kunya za su yi shiru, masu baki su cinye lokacin. A haɗa masu harshe ɗaya. A majami'unmu na Yamai ana wa'azi da Faransanci a fassara da Hausa ko Zabarmanci, wani wuri har da Gurmanci, kuma wanda ke jiran tafinta ba ya iya faɗin abin da ke zuciyarsa. A sa sa'a ɗaya da rabi, rana ɗaya a mako, a riƙe lokacin. A bi littafi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, aya 8 zuwa 12 a kowane zama. Wasiƙar Yakubu, in ana ɗaukar aya 9, mako 12 za ta ci. Wa'azin Yesu a kan dutse, Matiyu 5 zuwa 7, aya 111 ne, kusan tsawon ɗaya.

A karanta wurin sau uku da murya, mutum biyu dabam-dabam su karanta, domin cikinmu akwai da yawa da ba su yi makaranta ba, kuma kunnensu ya fi na masu karatu riƙo. Sai a rufe littattafai, mutum ɗaya ya maimaita abin da aka karanta da bakinsa, sauran su cike abin da ya tsallake. Wannan bai wuce minti 20 ba. Daga nan tambayoyi uku, kuma jerinsu na da muhimmanci. Na farko: me wannan wuri ya nuna mana game da Allah, me ya riga ya yi, me ya alkawarta? Na biyu: me ya tona game da mu? Sai na uku: me zan yi kafin mu sake haɗuwa? Wanda ya tsallake ta farko ya faɗa ta uku, kaya ya ɗora wa mutane ba tare da ya nuna musu wanda zai ba su ƙarfin ɗauka ba. Manzo Bulus ma haka ya tsara wasiƙarsa ga Afisawa: sura uku a kan abin da Allah ya yi cikin Almasihu, sannan sura uku a kan yadda za a yi tafiya.

Tambaya ta uku ita ce inda yawancin taro ke lalacewa, don mutane sun iya amsar da ba ta kama kowa. "Zan ƙara ƙauna." "Zan dage da addu'a." Ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba, har shi mai maganar. Amsar da ake nema sai ta ƙunshi abu huɗu: mene ne, ga wa, yaushe, da nawa in akwai kuɗi ko kaya a ciki. Misali: "Ranar Alhamis in na rufe shago, zan je gidan ƙanena da muka yi wata takwas ba ma ga maciji, ni kaɗai, in nemi gafararsa a kan maganar da na faɗa ranar rabon gado." Abu ɗaya ya isa a mako. A rubuta a ɗan littafi. Mako mai zuwa, kafin a buɗe sabon wuri, minti 15 na farko na ba da labari ne: na yi, ko ban yi ba, ga abin da ya hana. Jagoran taron shi zai fara, kuma ranar da ya kasa ya faɗa a fili, in ba haka ba kowa zai koyi ɓoyewa. Wanda bai yi ba kada a kunyata shi. A tambaye shi abin da ya tsorata shi, a yi masa addu'a, in da hali wani ya raka shi. Abin da aka faɗa a taron kuma ya tsaya a taron. Magana ɗaya in ta fita ta zaga unguwa, taron ya mutu ko da ana ci gaba da haɗuwa.

Nassi kansa ba ya barin mu cikin duhu game da abin da za a yi, sau da yawa har da lokaci da mataki yake bayarwa. Hakkin ma'aikaci: Littafin Firistoci 19:13 ya ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, Yakubu 5:4 kuma ya ce ladan da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. Gida nawa ne na masu bi a Yamai inda yarinyar aiki ta zo daga ƙauye, wata ya ƙare, uwar gida ta ce mata sai an yi albashi, sai wani watan, har bashin ya kai wata uku? Aikata wannan aya shi ne a ƙirga abin da ake bin ka, a biya a wannan mako, a kuma tsai da ranar biya. Mai sayar da hatsi da ke da tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, Maimaitawar Shari'a 25:13-15 da shi take, kuma abin yi shi ne ya fitar da ɗaya daga rumfarsa. Saɓani tsakanin 'yan'uwa: Matiyu 18:15-17 ya jera matakai, kai da shi kaɗai tukuna, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai gaban ikilisiya. Mu kuwa mun saba farawa da gaya wa mutum goma da sunan neman addu'a, shi mai laifin ya ji a bakin duniya.

Sai zancen marayu da gwauraye, wanda Yakubu 1:27 ya kira addini mai tsarki. Ikilisiyoyi da yawa suna cewa ba su da hali. Buhun gero mai kilo 100 kusan tiya 40 ne. Gida 40, kowa tiya ɗaya a wata, buhu guda ke nan. Mutum 40, kowa dala ashirin ran Lahadi, jika 16 ke nan a mako huɗu. Abin da ke kashe irin wannan aiki ba ƙarancin hatsi ba ne, rashin tsari ne. A yi abin da aka yi a Ayyukan Manzanni 6, inda aka zaɓi mutum bakwai amintattu don rabon abinci, ba a bar shi a wuyan masu wa'azi ba. Mutum biyu su ƙirga, na uku ya rubuta, a karanta lissafi gaban jama'a kowane wata uku, gama Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:20-21). A rubuta sunayen masu karɓa, a fara da waɗanda ba su da kowa, kamar yadda 1 Timoti 5 ta tsara, wadda ta ce mai 'ya'ya ko jikoki su ne za su fara ɗaukar nauyinta. A kai musu gida da yamma. Kada a kira gwauruwa gaban majami'a ta karɓi tiya biyu ana ɗaukar ta hoto. Yesu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi.

Akwai ramuka biyu a gefen wannan hanya, dole mu faɗe su. Na farko shi ne mutum ya fara ƙirga ayyukansa yana zaton da su zai sayi ceto, ya koma yana auna na wasu. Afisawa 2:8-10 ta rufe wannan ƙofa: ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba, kada wani ya yi fahariya. Amma aya ta 10 ta ci gaba da cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Martin Luta, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, da yake yaƙi da masu sayar da gafara, ya taɓa kiran wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa a 1522, don ya ga kamar ta saɓa wa koyarwar Bulus. Amma shi ɗin ne ya rubuta a gabatarwarsa ga Romawa cewa ba a iya raba aiki da bangaskiya, kamar yadda ba a iya raba zafi da haske daga wuta. A ganinmu Bulus da Yakubu ba faɗa suke ba. Dukansu sun kafa hujja da Ibrahim da aya ɗaya, Farawa 15:6. Bulus yana magana da masu son biyan kuɗin ceto, Yakubu yana magana da masu cewa sun gaskata alhali ɗan'uwa na tsaye gabansu ba riga ba abinci, suna ce masa ya sauka lafiya.

Rami na biyu ya fi ba mu tsoro, don yana cin rai. Wasu sun ɗauka aiki da bangaskiya shi ne a yi ganganci. Yaro ya kwana da zazzaɓi a tsakiyar damina, a ce ba za a kai shi asibiti ba, ana tsaye a kan Magana. Mai hawan jini ko ciwon suga ya zubar da maganinsa don wani mai wa'azi a waya ya ce ya riga ya warke. Wannan gwada Allah ne, abin da Yesu ya ƙi yi sa'ad da Iblis ya kawo masa aya ya ce ya dira daga kan Haikali (Matiyu 4:5-7). Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikilisiya su yi wa marar lafiya addu'a, bai ce a hana shi magani ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne. Masu bisharar ƙungiyar mishan ta SIM da suka buɗe asibitin Galmi a jihar Tawa a 1950 mutanen addu'a ne. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe ƙaramin yaro cikin 'yan kwanaki, saboda haka a yi addu'a a kan hanyar zuwa awo, a ranar da zazzaɓin ya fara. Haka nan wanda aka ce ya "shuka iri" da kuɗin hayar ɗaki ko na makarantar yara don Allah ya ninka masa, ya karanta 1 Timoti 5:8 a kan wanda bai kula da iyalinsa ba, da 2 Korantiyawa 9:7 da ta hana bayarwa ta dole.

Tushen wannan kuskure shi ne rashin bambanta labari da umarni da alkawari. Yesu ya ce wa Bitrus ya tako kan ruwa, shi kaɗai, a wannan dare. Umarnin ƙaunar maƙwabci kuwa na kowa ne. Kafin mutum ya ce Allah ya ce in yi kaza, ya karanta ayoyin da ke gaba da na baya, ya tambayi wa aka faɗa wa, ya duba ko sauran Nassi ya goyi bayan fahimtarsa, ya kuma kawo ta gaban 'yan'uwa kafin ya aikata. Wannan ma yana cikin amfanin ƙaramin taro.

Ba mu manta da ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, sa'ad da aka ƙona majami'u a Damagaram da nan Yamai. A ranakun nan ba wanda ya sami lokacin buɗe littafi ya nemi aya. Masu bin da suka iya cewa sun yafe, suka ƙi ramuwa, suka ci gaba da gaisawa da maƙwabta, sun yi haka ne da abin da suka riga suka saba yi da Matiyu 5:44, ayar ƙaunar maƙiyi, a ƙananan abubuwa. Akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu, kuma ba mu manta da alherinsu ba. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Yawancin mutanen unguwa ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azinmu ba, amma sun san wanda ke biyan bashi da wanda ke sauya hanya in ya hango mai bin sa.

Roƙonmu ga fastoci da dattawa, iyayenmu cikin Ubangiji, shi ne su rage minti 10 daga wa'azin Lahadi. A cikin minti 10 ɗin kowa ya juya ga na kusa da shi, maza da maza, mata da mata, ya faɗi abu ɗaya da zai yi kafin Lahadi mai zuwa, su yi wa juna addu'a. Lahadin da ta biyo, kafin a karanta sabon wuri, mai wa'azi ya tambaya ko akwai mutum biyu da za su faɗi abin da ya faru da suka gwada. Makonnin farko za a yi shiru mai nauyi, kada wannan ya sa a fasa. A gwada wata uku da wasiƙar Yakubu, sannan dattawa su zauna su duba littafin lissafin gwauraye da sunayen waɗanda suka shirya da juna.

In masu karatu sun aiko da gyara ko tambaya a kan wannan, Malam Edita, muna roƙo ka buga, za mu amsa gwargwadon iyawarmu. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wasu masu koyar da Littafi Mai Tsarki,
Yamai